Maikano Ya Yi Hassadar Tari

Hassada iri-iri ce, amma babu mai muni kamar ta mutumin da zai ga ɗan'uwansa kwance ya ce kwanciyar ma ta yi masa yawa. Irin wannan ce ta ci Maikano, mutumin wani ƙauye kusa da Yekuwa, a zamanin da Nasara ke kwasar maza zuwa aikin tilas a hanyar Magarya.

Maikano yana da taubashi, Isufu, gonakinsu iyaka ɗaya. Isufu ya tafi cin rani Kano, ya yi dakon gyaɗa, ya dawo da tarin fuka. Aka ɗora shi kan jaki zuwa Magarya. Lokotoro, wato likitan Nasara, ya sa ya tofa kaki, ya duba a madubinsa na ganin ƙwayoyin cuta, ya ce akwai ƙwayoyin cuta a huhunsa. Ya ce a ware masa ɗaki da ƙwarya da ludayi, kuma kada dogari ya ƙara kiransa aikin hanya.

Da damina ta zauna, mutanen ƙauye suka yi wa gonar Isufu gayya. A ranar ne kuma aka taso Maikano cikin masu tafiya hanya. Ya bi ta gefen gonar da kwandon ɗaukar tsakuwa a kansa, ya ga hauyoyi sun jeru, ganga na tashi, mata na sauke fura. Can ƙarƙashin gawo ga Isufu zaune bisa tabarma da ƙwaryar nono a gabansa. Maikano bai ga ƙasusuwan wuyan da suka fito ba. Nonon ya gani.

Da ya dawo, ya tarar ciyawa ta haɗiye hatsinsa. Ya wuce ɗakin Isufu ko ƙafa bai wanke ba.

"Sannu, sarkin hutu. An noma maka, an shayar da kai, saura a yi maka aure."

Isufu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Bawan gidanmu, ka dawo? Ai Nasara ya san jaki in ya gan shi. Tsaya daga ƙofa, kada ka shigo."

"Rowar ɗaki kuma za ka yi mini?"

"Wallahi da ana musaya da na ba ka ƙirjin nan na ɗauki kwandonka."

Maikano ya ɗauki wannan magana ba'a ce. Ya koma gida yana huci, ya ce wa matarsa Ɗela, "Tari kawai! Wa bai iya tari ba?"

Ɗela ta ce, "Maigida, ka ji tsoron Allah. Mutumin nan jini yake tofarwa."

"Ke me kika sani? Goro ne."

Bayan kaka aka yi shela lokotoro zai sauka Dungas ranar kasuwa ya duba masu tari, kafin a sake ɗibar mutane. Maikano ya shiga dabara. A bayan gidansu akwai tsohon rumbu da ruwa ya shiga, geron ciki ya yi fumfuna, ya yi baƙi, ko kaji ba sa kusantarsa. Kullum da hantsi sai ya haura ya shige, ya rufe bakin rumbun, ya dinga bugun zangarniyar da sanda yana shaƙar ƙurar har idanunsa su yi ja. Tari ya zo, amma bai gamsu ba, don na Isufu ya fi nasa zurfi. Ko a nan ma an fi shi! Sai ya tsiri zuwa gaisuwa kullum. Ya zauna gwiwa da gwiwa da mara lafiya, ya ja ƙwaryar da aka ware, ya sha da ludayin.

Isufu ya riƙe masa hannu. "Maikano, wannan ba wasan taubasai ba ne. Ajiye."

"Au, nonon ne ba ka so a taɓa?" Ya fizge, ya shanye.

Ranar kasuwa ya tsaya gaban lokotoro yana tari kamar zai amayar da hanjinsa. Aka duba kakin, tafinta ya ce, "Ya ce ƙura ka shaƙa, babu komai. Na gaba!"

Aka sake tasa shi hanya, ga rani, ga ƙirji ya riga ya yi rauni. Tarin da ya kira da hannunsa ya ƙi tafiya. Ya fara zufa, ya fara ramewa, har ranar da ya sauke kwando ya tofa, ya ga ja a kan tsakuwa, shi kuwa rabonsa da goro tun gida.

Wannan karon a kan jaki aka kai shi Magarya. Lokotoro ya daɗe a kan madubi, ya ce tarin fuka ne, kuma ba shi kaɗai ba, fumfuna ma ta sami wurin zama a huhun. Ya ce an ɗauke masa aikin hanya. Maikano ya yi murmushi, na farko cikin watanni. Tafinta ya dube shi ya ce, "Malam, ba ka ji shela ba? Ai an soke aikin tilas. Mai lafiya da mara lafiya, kowa ya huta."

To, ga abin da ya rasa. Gonarsa ta yi shekara biyu ba shuka, har kawunsa ya ba wani aro. Jakinsa da awakinsa sun tafi wajen masu magani. Ɗela ta kwashe yara zuwa gidansu a Mallawa don kada su kamu, ba ta dawo ba. Aka cire hannunsa daga akushin maza, aka matsar da buzunsa ƙarshen sahu a masallaci. Isufu, da jinya da ikon Allah, ya miƙe har yana zuwa kasuwa da ƙafarsa. Maikano kuwa daga ɗaki zuwa bakin rijiya sai ya zauna a hanya ya nemi numfashi.