Wakilin Abdulbasit

Abdulbasit ɗan Yauri ne, a bakin kogi ya tashi. Don haka da ɗaliban gidansu na unguwar Madinat Nasr, a ƙasar da ya je karatu, suka shirya fita shan iska bayan jarrabawa, shi ya zaɓi wurin: wani tafki a Fayyum, a gindin dutse, rairayi ya kewaye shi. Ya sayo zare da ƙugiya, ya cuɗa burodi na yaudarar kifi.

Su uku suka shiga kwalekwale ɗaya: shi, da Harun abokin ɗakinsa, da Hamad, Bahaushen Sudan mai ɗinki a unguwar Hadayek el-Maadi. Hamad yayan Wijdan ne, budurwar da Abdulbasit ya daɗe yana so. Kunya ta hana shi zuwa da kansa, sai ya wakilta Harun, wanda ya fi shi baki, ya je ya gabatar da shi. Duk sanda Harun ya dawo sai ya ce, "Ƙara haƙuri, mutumina, Inna, mahaifiyarta, ba ta ce komai ba tukuna."

Abdulbasit ya tuƙa su har tsakiyar ruwa, inda inuwar dutsen ta sauka. Ya jefa ƙugiya, ba a jima ba ya fizgo ƙatuwar karfasa. Hamad ya tafa hannu.

"Tamam! Wallahi irin wannan za ka kamo mana ranar walima."

"Walimar wa?" in ji Abdulbasit.

Hamad ya dubi Harun. "Au, ba ka faɗa masa ba? Ai Inna ta ba shi Wijdan. Bayan Babbar Salla za a ɗaura."

Kifin na ta zillo a tsakanin ƙafafunsu, ba wanda ya taɓa shi. Harun ya ƙura wa ruwa ido.

"Harun," Abdulbasit ya ce a hankali, "da sunan wa ka je gidan?"

"Da naka na yi niyya, Allah shaida. Da na zauna muka yi hira da ita, sai bakina ya yi nauyi. Ma'alish, ka yi haƙuri, ɗan'uwa. Na rasa ta inda zan fara maka."

Fuskar Hamad ta sauya. "Malam Abdulbasit, ko sau ɗaya bai ambace ka ba."

Iska ta taso, kwalekwalen ya fara tangal-tangal. Harun bai iya ruwa ba, ya riƙe katako da hannu biyu, yana kallon filafilin da ke hannun Abdulbasit. Wannan kallon tsoron ya fi komai yi wa Abdulbasit zafi: wato har yana zaton zai kifar da shi. Ya naɗe zarensa, ya juya kan jirgin, ya tuƙa su zuwa gaɓa.

Hamad ya kwashe labarin duka ya faɗa a gida. Inna ta yi faɗa sosai, ta ce sai an tambayi yarinya. Wijdan ta yi kuka, amma ta ce ita Harun ta sani, ɗayan kuwa gaisuwa kawai ke haɗa su.

Aka ɗaura auren a lokacinsa. Kafin nan Abdulbasit ya kwashe littattafansa ya koma wani gida kusa da jami'a. Idan suka haɗu a masallaci, Harun ya miƙo hannu, yakan karɓa, ya amsa sallama, ya nemi takalmansa ya wuce.