Ranar da Mama Ta Leƙa Ƙasan Teku

Na yi shekaru a Kalamitsi ina koya wa baƙi nutso a teku kafin mahaifiyata, Zorka, ta yarda ta baro garinmu Nish ta zo ganina. Ta tarar da dangin mijina Thanasis sun cika gidan, sai muka kafa tanti a bakin ruwa, ni da ita.

Tun da ta iso ta kasa zama. Ta share yashin tantin, ta sake sharewa, ta jera kwalaben yajin da ta kawo daga gida, ta tsare Thanasis da mita wai ya cika wa kifi gishiri.

Ta ce, "Ke Milena, wannan ma sana'a ce? Mutum ya shige ruwa ya ɓace?"

Washegari na goya tulun iska na nutse da baƙi biyu. Da na fito, Thanasis ya ce tun shigata Mama take kai da komowa a gaɓa, tana bin kumfar numfashina da ido, har siket ɗinta ya jiƙe zuwa gwiwa.

Mama ta nuna gilashin nutso da ke goshina ta ce, "Ba ni gilashin nan."

Na ɗaura mata. Ta damƙe hannuna, ta sunkuya, ta tsoma fuskarta a ruwa. Ta ɗan jima kafin ta ɗago tana haki.

"Ashe akwai haske a ƙasan. Ni duk shekarun nan na ɗauka duhu kike shiga."

Na ce, "To yanzu hankalinki ya kwanta, Mama?"

"Ina fa. Ke dai ki riƙa fitowa da wuri."