Haƙorin Hawa'u

Sandar farko a ƙeya ta samu Mushe Seyni, yana tsugune cikin kwazazzabon bayan gari, ya ƙura wa tafin hannunsa ido. Bai ma ga mai dukan ba. Ji kawai ya yi bakinsa ya cika da ƙasa, tabaraunsa ya yi nasa wuri.

"Ga shi nan! Yau na kama shi!" in ji Mato mahauci, ya ƙara masa ta biyu a haƙarƙari.

To, shi Seynin nan malamin lakwal ne, wato makarantar boko, shi ya sa ake ce masa Mushe. Bazabarme ne, gwamnati ta kawo shi wani ƙauye kusa da Malbaza. Ba ya neman mata, ba ya karta, ko zaman shayi ba ka ganinsa. Abu ɗaya ya shiga kansa: da ruwa ya ɗauke sai ya bi kwazazzabo yana tsintar 'yan haƙora baƙaƙe da suka zama dutse, wani bai kai ƙwayar wake ba, yana tarawa a gwangwanin madara. Wai na zamanin da duk ƙasar nan teku ce. Teku, a garin da mata ke dambe kan guga!

Ita kuwa Hawa'u, 'yar Mato, haƙoranta na gaba sun faɗi tun damanar bara, har yanzu wawulo. Uwarta Mairo ta yi duk abin da ake yi: an jefa haƙoran kan rufin ɗaki, an hana yarinya dariya gaban ƙadangare, don kowa ya sani in ya ga gurbin, haƙori ba ya fitowa. Shiru. Sai jiya a bakin rijiya wata ta ce ta ji Mushe da bakinsa yana gaya wa yara yana da haƙoran ƙadangare. Kafin guga ya iso sama magana ta yi ƙiba: wai ruwa ke wanko haƙoran yara daga rufi, shi yana tsincewa yana gama su da na ƙadangaru.

Yanzu ga rabin gari a bakin kwazazzabo, har da wanda bai san me aka yi ba amma ya zo da dutsensa.

"Mi kaka yi da haƙoran ɗiyanmu?" Mato ya taka masa wuya.

"Ba na mutane ba ne, Malam Mato! Duba, tsini gare su kamar ƙaya. Haƙorin yaro faɗi gare shi. Waɗannan na kada ne, wasu na ƙadangaren ruwa..."

"Kun jiya! Ƙadangare!"

Dutse ya fasa masa gira. Jini ya rufe ido ɗaya. Wani ya yage masa riga, wani ya shure shi a ciki har ya yi amai. Mato ya zare wuƙar fawa. Mairo ta ratso taro da taɓarya, tana janye da Hawa'u.

Tsoho Yari, ƙanin maigari, shi ya riƙe hannun Mato.

"Maida wuƙag ga, marar hankali. Ma'aikacin gwamnati na. In ya mutu jandarma na kwashe mu har awaki." Ya sunkuya. "Mushe, hiddo na yarinya kowa ya huta."

Seyni ya buɗe baki zai sake bayani. Ya ga wuƙar ba ta koma kube ba. Sai ya jawo gwangwani ya zazzage a ƙasa. Kuma ku ji halin mutum: yana tofar da jini amma zaɓe yake yi. Ya ɗauko wani guntu da ya karye, wanda yake da irinsa da yawa.

"Ga shi. Wannan ne na Hawa'u."

"Wanga ruɓaɓɓe?" in ji Mairo. "Ɗiyata ba ta taɓa cin goro ba. Mi ka dunƙule a ɗayan hannun?"

Wanda ya tsinta yau ne. Cikakke, har da saiwarsa, gefensa biyu da 'yan ƙananan tsaga kamar bakin zarto. Na kada ba su da faɗin nan. Bai taɓa ganin irinsa ba, bai ma gama kallonsa ba sanda ta sauka.

"Inna Mairo, wannan kam..."

Taɓarya ta sauka a wuyan hannunsa. Har na bayan taro sun ji ƙarar ƙashin. Yatsu suka buɗe da kansu.

"Ya yi baƙi," in ji Mato yana juya shi.

"Zaman gwangwani na," in ji Mairo. Ta karɓe ta danƙa wa 'yarta. "Ruga ki jefa bisa ɗaki, kuma ki rufe bakin nan!"

Sauran mata suka afka wa na ƙasa, kowa na neman na ɗanta, har da wadda autanta ya yi gemu.

Hawa'u ta dubi malaminta kwance cikin jini, ta wage baki ta fashe da kuka. Da idonsa ɗaya mai gani Seyni ya hango dasashinta na sama. Wani ɗan fari-fari ya riga ya huda, kamar tsaba.

Kafin kasuwar Malbaza ta zagayo haƙorin zai fito sarai, kuma kowa zai rantse wanda aka ƙwace a hannun Mushe ne ya dawo.

"Baba Yari," ya ce a hankali, "a samo mini amalanke zuwa bakin titi. A haɗo har da katifata."