Farin Gyale a Taga

Gambo ya daina tuƙi, ya bar jirgin yana lilo a kan ruwan Kainji. Can bakin gaɓa, a tagar ɗakin Inna, farin gyale ya ɗaga. Mansura ce, ƙanwarsa, take shaida masa ta kwana lafiya. Ya dafa tabon ɗinkin da ke kwiɓinsa, ya yi murmushi. Ƙodarsa ɗaya tana jikinta, har wani sa'in yakan ji kamar rabinsa ne zaune a tagar yana kallon ruwa.

Likitan da ya yi dashen ya ja musu kunne: maganin da ke hana jikinta ƙin ƙodar shi ke karya mata garkuwa, ga korona ta shigo gari. Ba baƙi, ba riƙe hannu. Shi kansa daga ruwa yake gaishe ta, yana mafarkin ranar da zai tsallaka da ita Yelwa ta ci soyayyen kifi sai ta ture.

Amma ina! A hana mutanenmu dubiya? Nan da nan magana ta zaga unguwa, wai Mansura ta je birni ta koyo ƙyamar mutane.

"Bakin mutane ya ishe ni, Gambo," in ji Inna. "Ko suna an daina gaya mini."

"Inna, ki bari su yi fushi. Rai fa ake magana."

"Su Uwani ne kawai. Da ni da su nono ɗaya muka sha."

Ya dawo daga kamun kifi da la'asar, ya tarar da takalma zube a ƙofar ɗaki. Daga ciki yana jin shewa, ludayi ɗaya yana zagawa cikin ƙwaryar kunu, Uwani tana tari tana cewa ɗan mura ne. Dariyar Mansura ta fi ta kowa, don wallahi kaɗaici ya cinye ta.

*

Takalman nan dai su ne a ƙofa ranar zaman makokin Mansura.

"Alhamdulillahi," Uwani ta ce tana sharar hawaye, "mun dai samu mun sauke haƙƙin dubiya."

Gambo ya fice. Ya gangara ya kwance jirgi. A tsakiyar ruwa hannunsa ya daina tuƙi da kansa, kamar kullum. Ya daɗe yana kallon tagar, yana dafe da kwiɓinsa.