Jigon Hafsa

Hafsa ta rataya a igiyar jigo da hannu biyu, ta ja har ƙafafunta suka bar ƙasa. Guga ya sauka rabin rijiya ya tsaya, yana lilo. Can ƙarshen sandar, dunƙulen lakar da ke rinjayar guga ya ƙi ɗagawa.

"Kun gani da idonku," ta ce wa mai gari Alƙasim, wanda ta taso daga zaurensa tun bai karya kumallo ba. "An ƙara laka. Ko kuwa an gusa sandar bisa gwafa. Ga mai aikin nan tsaye."

Manzo, ƙanen marigayi mijinta Yaƙubu, ya kama baki. "Ni, Yaya? Mi zan ci da jigonki?"

"Garka zaka ci! Wa ya ce tsohuwa ba ta iya ban ruwa? Wa ya sawo injin ruwa daga Madawa, shina neman inda zai kafa shi? Albasata ta bushe, dangi su ce na kasa, su miƙa maka. Ban yi karatun lakwal ba, amma ba a yi mini wayon yara."

Fangalin albasa na bayanta, ganyen ya fara kwanciya.

Mai gari ya zagaya jigon a hankali. Ya shafa lakar: busasshiya, duk ta tsage, babu sabon yaɓi ko na tafin hannu. Ya duba inda sanda ta hau gwafa. Zanzaro ya yi ɗaki a kan ɗaurin, ɗakin kuma ko tsagewa bai yi ba. Ya ja igiyar da hannu guda, guga ya nutse, ya dawo cike da kansa.

"Hafsa, yadda Yaƙubu ya ɗaure shi, haka yake."

"To aljani ya hau shi?"

Ya dubi damtsenta. "Da ya auna lakar nan, da nauyinki ya auna ta. Tun zazzaɓin damina kin je likita?"

Ta dubi zanenta. Bakinsa da ke tsayawa a kwiɓi yanzu ya zagaya har baya. Ta gyara ɗaurin da sauri, kamar an kama ta da sata.

"In kawo injin in ba albasar ruwa yau ɗai," in ji Manzo.

"Yau ɗai! Haka akuya ke cewa bakin rumbu. Kada tiyonka ya taɓa mini ƙasa."

Ta ɗauki kwashe ta nufi ƙarshen sandar. Ta daɗe tsaye, don shatin yatsun Yaƙubu na nan a jikin lakar. Sannan ta sara. Gutsure ya faɗi, ta ƙara sara.

"In kin rage ta, ba ta ɗaga miki cikakken guga," mai gari ya ce.

"Sai in ɗebi rabi, in yi sawu biyu."

Ta ja igiya. Guga ya taɓa ruwa.

"Manzo, matsa. Kana tsaye bisa hanyar ruwana."