Awon Ƙugun Alhaji Ɗangoggo

Kana layin teloli na Karu ranar, kuma ka kau da kai. Kowa ya san Alhaji Ɗangoggo, dillalin filaye, yana soke ƙaramar bindiga a mazagin wandonsa, da harsashi a ciki, riga ta rufe.

Ya zo awon kayan Sallah wajen Abednego, telan da ya shekara tara yana yi masa ɗinki.

"Oga, tumbin nan ya ƙaru fa," in ji Abednego. "Ɗaga hannu in zagaya."

"Auna kawai, sarkin surutu. Tuwon Hajiya ne."

Bai gaya masa abin da ke ƙugunsa ba. Tef ya ture bindigar, ta zame cikin wando, Alhaji ya yi wuf ya cafke ta, yatsansa ya danne kunama. Harsashin ya farfasa hannun da Abednego yake riƙe almakashi da shi.

Ni maƙwabciyar Abednego ce, ina makaranta abin ya faru. A asibiti ya tambaye ni, "Sumayya, su wa suka ba da shaida?" Ku mutum goma sha ɗaya kuka ga abin, duk kuka ce wa 'yan sanda ƙaddara ce. Alhaji ya aiko wa Abednego da kwalin lemo ɗaya. Jiya na gan shi, ƙugun nan a kumbure da bindigar har yanzu.

Gobe Litinin za a rufe bincike idan babu mai magana. Kulle shagonka da ƙarfe tara, ka zo ofishin 'yan sanda ka ba da shaida.