Gurbi Ɗaya a Takarda

Wata ƙungiya ta raba takardu a ƙauyenmu kusa da Shanono, kowane gida ya rubuta babbar buƙatarsa. Takardar da Turanci take, don haka ni na karanta wa iyayena. Na ce musu kalmar "priority" tana nufin abin da ya fi komai muhimmanci, kuma gurbi ɗaya aka bari.

Baba ya ce, "Rubuta taki, Khairat."

Inna ta ce, "Malam, ranar da 'yarmu Asama'u ta rasu a hanya tana naƙuda, buhu shida na taki ne a ɗakinka."

Baba ya daɗe yana kallon masararsa da ta fara zama ruwan ɗorawa bayan danga.

Ya ce, "Rubuta asibiti."